Me ya sa jam'iyyun Birtaniya ke cinye shugabanninsu, kuma mene ne hannun intanet a ciki?

Yaya aka yi ƙasar da ake buga misali da ita wajen daɗewa a kan dimokuraɗiyya ta yi firaminista uku cikin shekara guda, alhali ba a yi babban zaɓe ba, soja kuma bai fito daga bariki ba? Abin da ya faru ke nan a Birtaniya a 2022. Shekarar ta kama Boris Johnson ne ke mulki, Liz Truss ta karɓa a watan Satumba, kafin Oktoba ya ƙare Rishi Sunak ne ke zaune a gida mai lamba 10 da ke titin Downing. Idan aka koma zuwa 2016, firaminista biyar ke nan daga jam'iyya ɗaya, wato Conservative: David Cameron, Theresa May, Johnson, Truss da Sunak. A cikinsu Sunak kaɗai ne talakawa suka kayar a babban zaɓe. Cameron ya sauka da kansa bayan ya sha kaye a ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai. Sauran ukun kuwa 'yan gidansu ne suka tura su waje.

Amsa biyu aka fi ji. Wasu na cewa shafukan sada zumunta ne suka lalata siyasar ƙasar baki ɗaya. Wasu kuma na cewa hayaniyar intanet ba ta wuce waya ba, ba ta kai wa akwatin zaɓe. Kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, amma ba za a gane lamarin ba sai an fara da tambayar da aka fi tsallakewa.

Wa ke naɗa firaminista, wa ke sauke shi?

Ɗan Najeriya ya saba da tsarin shugaban ƙasa: a zaɓe shi kai tsaye, ya yi shekara huɗu, kuma tsige shi sai an bi doguwar hanya a majalisa. Birtaniya na bin tsarin firaminista ne, irin wanda Najeriya ta yi a Jamhuriya ta Farko zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙasar ta kasu mazaɓu 650. Kowace mazaɓa na tura mutum ɗaya Majalisar Wakilai, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Shugaban jam'iyyar da ta samu rinjaye shi Sarki ke gayyata ya kafa gwamnati. Babu takardar zaɓen da ke ɗauke da kujerar firaminista. Saboda haka duk ranar da jam'iyya mai mulki ta sauya shugabanta, ƙasa ta sauya shugaban gwamnati ke nan, ba tare da an tambayi kowa ba.

A jam'iyyar Conservative akwai wani zaure da ake kira Kwamitin 1922, na 'yan majalisar da ba su riƙe da muƙamin gwamnati. Ɗan majalisar da ya gaji da shugaba zai rubuta wasiƙa a asirce ya kai wa shugaban kwamitin. Babu wanda ya san yawan wasiƙun sai shi. A shekarun da muke magana, da zarar sun kai kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisar jam'iyyar, dole a kaɗa ƙuri'ar amincewa ko rashin amincewa da shugaba. May ta tsallake irin wannan ƙuri'a a Disambar 2018 da 200 ga 117, amma wata biyar da 'yan kwanaki bayan haka ta sanar da murabus. Johnson ya tsallake a Yunin 2022 da 211 ga 148. Bayan wata guda, ministan lafiya Sajid Javid da ministan kuɗi Sunak suka ajiye aiki rana ɗaya, sama da ministoci da mataimaka hamsin suka bi sahu cikin kwana biyu, har ta kai ba shi da isassun mutanen da zai cike guraben. Shugaban da kashi huɗu cikin goma na mutanensa suka ce ba sa yi da shi, ko ya ci ƙuri'a, kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Rikicin ya girmi intanet

Margaret Thatcher ta ci babban zaɓe sau uku a jere, amma a Nuwamban 1990 'yan majalisarta ne suka raba ta da kujera, lokacin da ba a san Facebook ba balle WhatsApp. John Major da ya gaje ta ya sha fama da masu adawa da Tarayyar Turai a cikin jam'iyyarsa, har a 1995 ya ajiye shugabancin jam'iyya ya sake tsayawa takara don ya rufe musu baki. A Labour, babbar abokiyar hamayyar Conservative, ma haka: a 1981 wasu jiga-jiganta huɗu suka ɓalle suka kafa sabuwar jam'iyyar SDP, sannan tsamin dangantaka tsakanin Tony Blair da Gordon Brown ya shafe kusan duk shekaru goman mulkin Blair.

Tushen wannan yana cikin tsarin zaɓen kansa, domin yana hukunta ƙananan jam'iyyu ba tausayi. A zaɓen 2024, jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta samu ƙuri'a sama da miliyan huɗu, kusan kashi 14 cikin ɗari, amma kujera 5 kacal ta tashi da su. Labour da ke da kusan kashi 34 ta kwashi kujeru sama da 400. Ɗan siyasar da ya ga haka ya san ɓallewa kasada ce. Gara ya zauna a babbar jam'iyya ya yi yaƙin ƙwace ta daga ciki. Shi ya sa za ka iske mai ra'ayin gurguzu da mai goyon bayan 'yan kasuwa a inuwar Labour ɗaya, mai son Turai da wanda ba ya ƙaunar jin sunanta a inuwar Conservative ɗaya. Ita kanta ƙuri'ar raba gardamar 2016, Cameron ya yi alƙawarinta ne tun 2013 don ya kwantar da 'yan majalisarsa masu tayar masa da ƙayar baya, ya kuma tare guguwar jam'iyyar UKIP mai fafutukar ficewa daga Turai. Rikicin cikin gida na jam'iyya guda ya zama tambayar da aka jefa wa ƙasa baki ɗaya, kashi 52 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ta daɗe. Abin tambaya shi ne me ya faɗaɗa ta.

Lokacin da aka damƙa wa masu katin jam'iyya wuƙa da nama

A da, 'yan majalisar Conservative ne kaɗai ke zaɓen shugabansu. A 1998 William Hague ya sauya doka: 'yan majalisa su tace 'yan takara zuwa biyu, sannan masu katin jam'iyya su zaɓi ɗaya. A Labour, Ed Miliband ya kawo nasa gyaran a 2014, inda ƙuri'ar ɗan majalisa ta zama daidai da ta kowane mamba, aka kuma buɗe ƙofa ga magoya baya su yi rajista su yi zaɓe. A 2015 kuɗin rajistar fam uku ne, kuma ta intanet ake yi.

A ido, wannan faɗaɗa dimokuraɗiyya ne. A aikace kuwa ya haifar da yanayin da shugaba zai iya zama zaɓin mambobi alhali waɗanda zai zauna da su a majalisa kullum ba sa so.

Jeremy Corbyn ne misali na farko. Da ƙyar ya samu sa hannun 'yan majalisa 35 da ake buƙata don shiga takarar shugabancin Labour a 2015, wasu ma sun ara masa ne don a faɗaɗa muhawara. Sai ga shi ya lashe da kusan kashi 60 cikin ɗari. Shekara na zagayowa 'yan majalisarsa suka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, 172 ga 40. Ya ƙi sauka, domin dokar Labour ba ta tilasta masa ba, aka koma ga mambobi suka sake zaɓensa da rinjayen da ya fi na farko. Jam'iyya ta zama gida biyu, ofishi ɗaya.

Misali na biyu Truss ce. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa Sunak ne kan gaba da 137, ita tana da 113. Da aka je ga mambobi, ta samu 81,326, shi 60,399. Mutum dubu tamanin da ɗaya ne suka zaɓar wa ƙasa mai mutum kusan miliyan 67 shugabar gwamnati. Kuma binciken masana siyasa ya sha nuna cewa masu katin jam'iyyun nan ba hoton sauran jama'a ba ne. Na Conservative sun fi tsufa da wadata, na Labour sun fi karkata hagu fiye da masu zaɓenta.

A nan ne, a ganina, asalin sauyin yake. Da zarar makomar ɗan siyasa ta koma hannun 'yan dubban mutane masu zafin ra'ayi, duk wata kafa da ke isa gare su kai tsaye ta zama makami.

Ta ina intanet ke shiga?

A tsohon tsari, ɗan majalisa na da iyayen gida biyu: bulaliyar jam'iyya da ke riƙe da alƙawarin muƙami da barazanar horo, da 'yan jaridar majalisa waɗanda ta hannunsu kaɗai muryarsa ke fita. Wanda ya yi tawaye yakan rasa duka biyun. Yau ɗan majalisar da aka kora daga muƙami da safe zai iya wallafa wasiƙarsa da yamma miliyoyin mutane su karanta. Haka Suella Braverman ta yi a Nuwamban 2023: kwana ɗaya bayan Sunak ya sallame ta daga ma'aikatar cikin gida, ta saki doguwar wasiƙa a shafin X tana zarginsa da cin amanar alƙawuran da ya yi mata kan baƙin haure. Dominic Cummings, babban mashawarcin Johnson da suka ɓata a ƙarshen 2020, ya shafe watanni yana kwarmata sirrin tsohon ubangidansa ta shafinsa na intanet da Twitter, har da hotunan saƙonnin waya.

Tun kafin wannan, kowane tsagi ya gina kafarsa. A dama akwai shafin Guido Fawkes da aka kafa a 2004, mai farautar abin kunyar 'yan siyasa, da ConservativeHome na 2005. Shi wannan na biyun yana da wata al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta: yana tambayar mambobin jam'iyya ra'ayinsu kan kowane minista, ya jera su daga wanda aka fi so zuwa wanda aka fi ƙi. Ministoci na duba jerin nan kamar sakamakon jarrabawa, domin masu amsa tambayar su ne masu zaɓen shugaba na gaba. Truss ta daɗe a saman jerin kafin ta zama firaminista. Ministan da ya san haka, in zai buɗe baki, da wa yake magana? Da mai jiran layin asibiti, ko da mai riƙe da katin jam'iyya?

A hagu kuma, zamanin Corbyn ya zo da shafin The Canary, ya kuma ɗaga Skwawkbox da Novara Media, ga ƙungiyar magoya bayansa ta Momentum da ta ƙware wajen gajerun bidiyo. Magoya bayansa na ganin manyan jaridu sun haɗe masa kai, don haka suka gina nasu. Waɗannan kafafe ba Conservative kaɗai suke yaƙa ba. Kaso mai yawa na ƙarfinsu ya tafi kan 'yan majalisar Labour da suke ɗauka maciya amana.

Sai WhatsApp, wanda shi ne ɗakin ƙulle-ƙullen zamani. Masu tsattsauran ra'ayin ficewa daga Turai a ƙungiyar ERG ta 'yan majalisar Conservative, su Steve Baker da Jacob Rees-Mogg, ta nan suke haɗa baki kan abin da za a faɗa da yadda za a kaɗa ƙuri'a, tamkar wata jam'iyya a cikin jam'iyya. A Janairun 2019 yarjejeniyar da May ta ƙulla da Turai ta sha kaye da tazarar ƙuri'a 230, kayen da babu gwamnatin da ta taɓa shan irinsa a tarihin majalisar na zamani. Amma ɗakin nan ba shi da ƙofa mai kyau. Abin da a da ake raɗawa a kunne ya bi iska, yanzu rubutacce ne, ana ɗaukar hotonsa. A 2020 wani rahoton cikin gida na Labour ya fita ɗauke da saƙonnin manyan ma'aikatan jam'iyya suna zagin ɓangaren Corbyn. Binciken lauya Martin Forde da ya biyo baya a 2022 ya gano cewa ɓangarorin biyu duka sun mayar da batun ƙyamar Yahudawa makamin faɗan tsagi. A 2023 saƙonni sama da 100,000 na tsohon ministan lafiya Matt Hancock suka faɗa hannun jaridar Telegraph. A 2025 minista Andrew Gwynne ya rasa aikinsa saboda abin da ya rubuta a wani zauren WhatsApp.

Akwai kuma giɓin doka. A Birtaniya an haramta sayen tallar siyasa a talabijin da rediyo, kuma hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai na wajabta musu adalci tsakanin ɓangarori. Wannan takunkumi bai hau kan Facebook, YouTube, TikTok ko X ba. Tashar GB News da aka buɗe a 2021 ta zauna a tsakiyar giɓin: ta riƙa ba 'yan siyasa masu ci irin su Farage da Rees-Mogg shirye-shirye, ana yanka su gajeru ana watsawa a intanet, inda sukan fi samun masu kallo. Manhajojin kuwa an gina su ne su tura wa mutum abin da zai riƙe idonsa, kuma fushi ya fi bayani riƙe ido.

Dubi Robert Jenrick, wanda Kemi Badenoch ta kayar a takarar shugabancin Conservative a Nuwamban 2024. A watan Mayun 2025 ya shiga wata tashar jirgin ƙasa a Landan da mai ɗaukar hoto a bayansa, yana tare masu tsallake shinge ba su biya kuɗin jirgi ba, yana tambayarsu dalili. Bidiyon bai kai minti biyu ba, miliyoyi suka kalla, kuma a makon an fi maganarsa fiye da shugabar jam'iyyarsa. Bai zage ta ba, bai ƙalubalance ta ba. Ya dai nuna wa mambobi cewa yana nan.

Ita ma Badenoch, wadda aka haifa a Landan ta tashi a Legas, kalamanta sun isa Najeriya ta wannan hanya. Ta sha sukar ƙasar, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya mayar mata da martani a Disambar 2024, ta kuma ce ita Bayarabiya ce da ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa. Maganar ta yi wa 'yan Arewa zafi, kuma suna da hujja, domin ta haɗa al'umma guda da Boko Haram, alhali su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar ƙungiyar.

Bidiyo ɗaya da kujeru huɗu

A ranar 11 ga Oktoban 2023, Keir Starmer, yana shugaban Labour kuma jagoran adawa a lokacin, ya yi hira da gidan rediyon LBC. Aka tambaye shi kan yi wa Gaza ƙawanya da yanke mata wuta da ruwa. Ya ce Isra'ila na da wannan 'yancin, ya ƙara da cewa komai ya kasance bisa dokar ƙasa da ƙasa. Sai bayan kwanaki ya fito ya ce 'yancin kare kai yake nufi. Kafin nan guntun bidiyon ya gama zagaya wayoyin Musulman Birtaniya, al'ummar da ta daɗe tana zuba wa Labour ƙuri'a. Kansiloli suka fara ficewa. A watan Nuwamba 'yan majalisar Labour 56 suka bijire wa umarnin shugabansu suka goyi bayan tsagaita wuta.

A zaɓen Yulin 2024, duk da gagarumar nasarar Labour, 'yan takara masu zaman kansu huɗu da suka tsaya kan batun Gaza sun ƙwace mata kujeru a Leicester ta Kudu, Blackburn, Dewsbury da Batley, da Perry Barr ta Birmingham. Jonathan Ashworth, wanda ake sa ran zai zama minista, ya faɗi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu ba. Corbyn da aka hana shi takara a Labour ya ci mazaɓarsa ta Islington ta Arewa shi kaɗai. Duk mai cewa abin da ke yawo a waya ba ya kai wa akwati, to ya dubi waɗannan mazaɓu. A nan ban ga laifin intanet ba. Shi ya faɗi maganar da bakinsa, mutane kuma suka hukunta shi a kanta.

Southport: da ƙarya ta sauko titi

Ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ya kashe 'yan mata ƙanana uku a wani ajin rawa a garin Southport. Da yake shekarunsa 17, doka ta hana 'yan sanda bayyana sunansa nan take. Cikin sa'o'i aka cike gurbin da ƙarya: aka ƙirƙiro suna mai kama da na Larabawa, aka ce Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwale-kwale. Gaskiyar ita ce a Cardiff aka haife shi, iyayensa 'yan asalin Ruwanda ne. Washegari da yamma gungun mutane suka far wa masallacin garin da tubala, akwai mutane a ciki. Tarzoma ta bazu garuruwa da dama, a Rotherham aka yi ƙoƙarin cinna wa otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka wuta. An kama mutum sama da dubu, wasu an ɗaure su saboda abin da suka rubuta a intanet. Mai kamfanin X, Elon Musk, daga Amurka ya rubuta cewa yaƙin basasa ba makawa. Abin da ya faranta rai shi ne da gari ya waye maƙwabta, akasarinsu ba Musulmi ba, suka fito da tsintsiya da siminti suka gyara katangar masallacin.

Wannan ba rikicin jam'iyya ba ne kai tsaye, amma daga rijiya ɗaya suke sha. Shekaru ana gasar wa ya fi zafi kan baƙi, tsakanin tsagin Conservative da kuma tsakaninsu da Reform, sun share wa ƙaryar hanya.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu kare sababbin kafafe na tuna mana cewa tsohon tsarin ma ba na waliyyai ba ne. Manyan jaridun ƙasar na hannun attajirai ƙalilan, irin su Rupert Murdoch mai The Sun da The Times, kuma sun daɗe suna ɗaga wanda suke so su kayar da wanda ba sa so. Intanet ta ba matashi, baƙar fata, Musulmi da mazaunin garin da masana'antunsa suka mutu damar a ji su. A 2017 akasarin jaridu sun yanke wa Corbyn hukuncin mummunan kaye, sai ga Labour da kashi 40 cikin ɗari, May ta rasa rinjayenta.

Masu suka kuma na nuni da 2019. A intanet magoya bayan Corbyn ne suka fi amo, amma a akwati Labour ta samu kujeru mafi ƙaranci tun 1935, Johnson ya tashi da rinjayen 80. 'Yan siyasa da 'yan jarida na zaune a dandali ɗaya suna sauraron juna, suna ɗaukar amon muryarsu a matsayin muryar ƙasa.

Ni dai ina ganin duka biyun sun tsaya a kan masu zaɓe, alhali babban tasirin yana kan 'yan siyasar ne. Intanet ba ta cika sauya ra'ayin tsohuwar da ke karɓar fansho a ƙauyen Ingila ba. Abin da ta sauya shi ne lissafin ɗan majalisa. Ladan tawaye ya ƙaru, domin yana kawo mabiya, gayyatar talabijin da sunan jarumi a wurin mambobi. Ladan haƙuri da sasanci kuwa ya ragu, domin babu wanda ke yaɗa bidiyon mutumin da ya zauna a kwamiti ya gyara sashen doka.

Wa ke biyan kuɗin?

Ranar 23 ga Satumban 2022, Truss da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng suka cika alƙawarin da suka yi wa mambobi: rage haraji na kusan fam biliyan 45, ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba. Darajar fam ta faɗi ƙasa mafi muni a tarihi a gaban dala. Babban bankin Ingila ya shiga tsakani don kada asusun fansho su durƙushe. Bankuna suka janye ɗaruruwan tayin bashin sayen gida, kuɗin ruwa ya haura kashi 6 cikin ɗari, iyalai suka wayi gari da ƙarin ɗaruruwan fam a wata. Jaridar Daily Star ta ajiye kan latas a gaban kyamara kusa da hoton Truss, ta saka shi kai tsaye a YouTube, tana tambaya wa zai riga wani lalacewa. Kwana shida bayan haka ta sanar da murabus, latas ɗin na nan da sauran kyansa. Duniya ta yi dariya, amma mai biyan bashin gida bai yi ba. Kwananta 49 a mulki.

A shekarar nan ta 2022 kaɗai an yi ministocin kuɗi huɗu da ministocin ilimi biyar, ɗaya daga cikinsu kwana biyu ta yi. Babu ma'aikatar da za ta tsara wani abu mai ɗorewa a haka.

Baƙi ma sun biya, kuma a nan abin ya taɓo mu. Da yawan masu shiga ƙasar, bayan an cire masu fita, ya haura 900,000 a shekara, matsin lamba daga cikin jam'iyya ya sa gwamnatin Sunak ta hana akasarin ɗalibai zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, sannan masu aikin kula da tsofaffi daga watan Maris. 'Yan Najeriya ne suka fi kowa yawa a cikin iyalan ɗalibai kafin dokar. Shirin tura masu neman mafaka Ruwanda, wanda Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a 2023, ya ci gaba da raba kan jam'iyyar har ta faɗi zaɓe, kuma gwamnatin da ta gaje ta ta ce ya lashe fam miliyan 700.

Sai kuma su 'yan majalisar. Binciken Amnesty ya nuna cewa gab da zaɓen 2017, kusan rabin saƙonnin cin mutuncin da aka aika wa mata 'yan majalisa a Twitter sun tafi ne ga Diane Abbott, baƙar fata ta farko mace a majalisar. An kashe Jo Cox a 2016 a hannun mai tsattsauran ra'ayin fifita farar fata, an kashe David Amess a 2021 a hannun mai bin aƙidar IS, dukansu suna bakin aikin mazaɓa.

Ƙoƙarin ɗinke ɓaraka

Manyan jam'iyyun sun lura, kuma gyaran da suke yi na nuna inda suka ga matsalar take. A 2021 Starmer ya ɗaga yawan sa hannun da ɗan takarar shugabanci ke buƙata zuwa kashi 20 cikin ɗari na 'yan majalisa, ya kuma soke rajistar magoya baya. Bayan kayen 2024, da Conservative ta koma kujeru 121, Kwamitin 1922 ya ɗaga adadin wasiƙu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Majalisa ta kafa dokar kare masu amfani da intanet a 2023, an kuma wajabta wa tallan siyasa na intanet ya nuna wanda ya ɗauki nauyinsa.

Sababbin jam'iyyun da intanet ta raina ma ba su tsira ba. A Janairun 2025 Musk ya rubuta cewa Farage bai dace da jagorancin Reform ba, bayan wata biyu jam'iyyar ta dakatar da ɗan majalisarta Rupert Lowe jim kaɗan bayan ya soki Farage a jarida. Sabuwar tafiyar hagu ta Corbyn da 'yar majalisa Zarah Sultana ta fara ne da sanarwar da ita ta yi a X a Yulin 2025, kafin Satumba ya ƙare suna musayar kalamai a bainar jama'a kan wa ke da ikon buɗe rajistar mambobi.

Shi kansa Starmer, wanda ya zama firaminista a Yulin 2024 da rinjayen kujeru sama da 170, bai cika shekara ba sai da 'yan majalisarsa sama da 120 suka sa hannu kan takardar adawa da shirinsa na rage tallafin naƙasassu. Gwamnati ta janye ginshiƙin shirin sa'o'i kaɗan kafin ƙuri'ar ranar 1 ga Yulin 2025, duk da haka 49 daga cikinsu suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa.